Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ma'aikatar Kasuwanci ta Saudiyya: sabuwar mota ta mutu da ni da iyalina a hanyar Makka, wakala (dillalan motar) tace kwamfuta bata ga komai ba

Assalamu alaikum warahmatullah.

Ranka ya daɗe mai girma Minista, da ma'aikatan da ke kula da haƙƙin masu saye, ina gaisuwa da fatan alheri. Na san ba da Hausa kuke aiki a ofis ba, babban ɗana zai juya takardar nan zuwa Larabci ya haɗa ta da ƙorafin da na riga na shigar, amma naga gara in fara rubutawa da harshen da nake jin zafin abin da shi, sannan 'yan uwana na Jidda da Makka da Madina da Ɗa'if su ma su karanta, don wallahi na tabbata ba ni kaɗai abin nan yake ci a rai ba, sauran shiru kawai suka yi.

Shekarata 21 a Jidda, igamata, wato takardar izinin zama, lafiya lau, ina aikin lissafin kaya a wani kamfanin kayan gini. Duk tsawon shekarun nan motocin hannu nake hawa, in je haraj, kasuwar motocin hannu, in zagaya in ɗauko wadda aljihuna zai iya, in ta fara ciwo in kai ta sana'iyya, unguwar masu gyara, wajen bakanike, haka muke lallaɓawa. Mahaifiyata tana Makka ta wajen Shari' Mansur, tsufa ya kamata ga ciwon ƙafa, duk Juma'a sai mun je. Uwargida ce ta matsa min, tace Baban Abba mu daure mu sayi sabuwa ko sau ɗaya ne a rayuwa, mu huta da tsayuwa a hanya da yara. Na ji maganarta. Riyal 78,000 har da harajin nan na kashi 15 cikin ɗari, na bada abin da na tara sauran banki ya biya ina biyansa duk wata. Ranar da muka ɗauko ta sabuwa dal da leda a kujeru, ƙaramar 'yata ta hana kowa ya cire ledar, har Hajiya mahaifiyata sai da aka fito da ita a keken guragu ta shafa bonet tasa albarka. Ba zan faɗi sunan kamfanin da ya ƙera ta ba, ba zan faɗi sunan wakalar ba, suna cikin takardun da ke hannunku kuma ba tozarci ne ya kawo ni ba.

Wata uku da 'yan kwanaki, kilomita bata kai 6,000 ba. Ranar wata Juma'a da safe mun wuce Bahra muna dosar Shumaisi, ina layin tsakiya a kan 110, mukayyif, wato na'urar sanyaya iska, na aiki yara na musu a baya akan wa zai zauna kusa da taga in za'a dawo, kawai sai naji motar tayi sanyi a ƙafata. Na taka totur ba amsa. Fitilun gabana duk suka kunnu lokaci ɗaya, ja da ruwan ɗorawa, sitiyari yayi nauyi kamar an zuba masa siminti, birki kuma na taka na farko ya amsa na biyu ya fara tauri. Ga wata babbar bas ta masu umara a bayana tana danna min fitila tana hon. Ban san yadda na tsallake layi biyu na sauka gefen titi ba, abin da na iya tunawa shine salatin uwargida da kuma hannuna da ya kasa sakin sitiyarin bayan mun tsaya, sai da Abba ya taɓa kafaɗata yace Baba mun tsaya fa. Muka yi kusan minti goma a rana, na sake tada ita ta tashi sumul kamar ba ita ba. A ranar a kan 60 na ƙarasa Makka da trafiketa biyu a kunne, ban faɗawa Hajiya komai ba.

Ranar Lahadi na kai ta wakala. Saurayin da ke karɓar motoci mai fara'a ne, ba zan ci haƙƙinsa ba, har gahawa ya bani. Na zayyana masa komai tiryan-tiryan. Bayan kwana biyu suka kira ni in zo in ɗauka, wai sun jona ta da kwamfuta ba ta nuna komai ba. Yace wane mai nake sha, kore ko ja, nace 91 kore, shi littafin motar ya rubuta. Yace to wataƙila gidan man ne, in canza gidan mai. Na canza. Bayan sati biyar ta sake yi min a cikin gari a kan gada da yamma lokacin tashi daga aiki, wannan karon bata tashi ba sai sataha, motar ɗaukar mota, na kira ta ɗauke ta. Suka ce sun yi mata barmaja, wato sun sabunta kwamfutar cikinta. Na uku tayi wa uwargida ne tana dawowa daga ɗaukan yara a makaranta, matar da ta sha wahala ta koyi tuƙi ta karɓi ruksa, wato lasisi, bayan an ba mata dama a 2018, tun daga ranar ko makullin bata ƙara taɓawa ba, kuma ban ga laifinta ba. A na ukun ne suka ce famfon mai suke zargi, za'a yi odarsa. Kwana 33 motar na ajiye wajensu. Aka sa sabon famfo, kwana 12 ta sake mutuwa.

Toh ranka ya daɗe, ga inda maganata take. Da na tattara takardun karɓar mota guda huɗu na shimfiɗa su a kan tabarma, Abba na karanta min a hankali saboda Larabcin ofis nasa yafi nawa, sai na gane abin da aka yi min. Ta farko an rubuta duba na gama-gari. Ta biyu an rubuta sabunta barmaja. Ta uku an rubuta canjin famfon mai. Ta huɗu an rubuta fitilar inji ta kunnu. Babu ko guda ɗaya da aka rubuta abin da bakina ya faɗa, wato mota tana mutuwa tana cikin gudu. Wanda duk ya ɗauki takardun nan bai san labarin ba, zai ce ƙananan matsaloli ne guda huɗu da ba ruwan ɗaya da ɗaya, alhali ciwo ɗaya ne sau huɗu. Kuma ni da hannuna nasa hannu a kansu duka, saboda mutum yana tsaye a kanta ana jiran layi, hankalinsa na wajen yadda zai koma aiki kafin mudir, wato manaja, ya neme shi, wa yake tsayawa karanta ƙananan rubutu.

Abin da yasa wannan ya dame ni shine dokarku mai kyau ce, wallahi da na karanta sai da naji kunyar jahilcina. Ƙa'idojin wakilcin kasuwanci sun ce garanti ba zai gaza shekara 2 ba. Sun ce kayan gyaran da ake yawan nema dole su kasance a ajiye kullum, wanda ba kasafai ake nema ba kuma a kawo shi cikin kwana 14. Sun ce in wakili ya jinkirta, ko dai ya ba mutum motar da zai riƙa hawa ko ya biya shi kashi ɗaya cikin 400 na kuɗin motar a kan kowace ranar jinkiri, a tawa motar riyal 195 kenan a rana, kwana 19 da suka ɗora a kan 14 ɗin ya kama riyal 3,705, ni kuwa ba mota ba kuɗi, tasi na dinga hawa zuwa aiki, Juma'a kuma in roƙi maƙwabcina ɗan Sudan ya ara min tasa. Sun kuma ce in aibi ya yi ta maimaituwa wakili ya kasa gyarawa, mai mota na da zaɓi, a canza masa da sabuwa ko a mayar masa da kuɗinsa bayan an cire gwargwadon amfanin da yayi da ita. Duk wannan yana nan a rubuce. Amma ƙofar shiga wannan haƙƙin ita ce a tabbatar aibin ɗaya ne yake dawowa, shi kuma alƙalamin da ke rubuta aibin yana hannun wanda zai yi asara in an tabbatar. An ba kura ajiyar nama kenan.

Kuma dan Allah a duba min maganar nan ta kwamfuta bata nuna komai ba. Ni ba injiniya bane amma shekara ashirin ina zaman sana'iyya, na san kwamfutar mota abin da aka koya mata ta lura da shi kawai take ajiyewa, in waya ce ke sakin jiki in ta ɗau zafi ta koma daidai in ta huce, ko wani ɗan ƙarfe ne ke kumbura a cikin rana, za'a iya jona ta sau goma a cikin inuwar gareji mai sanyi ba'a ga komai ba. Motata ba a inuwa take mutuwa ba, a kan kwalta take mutuwa bayan tafiyar rabin awa. Na roƙe su wani ya shiga mu hau hanyar Makka tare da na'urar a jone, suka ce tsarinsu bai bada dama ba, zagaye ɗaya suke yi a bayan wakala.

Da na matsa sai mudir ɗin sashen gyara ya fito, mutumin kirki mai furfura, yace ya akhi mu wakilai ne ba mu muka ƙera ba, mun tura rahoto ga kamfani muna jiran amsa. Na rubutawa kamfanin ta adireshinsu na yankin Gabas ta Tsakiya, suka amsa da ladabi cewa in tuntuɓi wakilinsu na ƙasar da nake. Kun ji fa. Wannan ya tura ni wajen wancan, wancan ya dawo da ni wajen wannan, banki kuwa shi bai san wannan zance ba, ranar da albashi ya shiga a ranar yake zare nasa. Lokacin karɓar kuɗi ban ji wani yace shi ba shi ya ƙera ba. Mu a wajenmu cewa ake kowa ya ci ladan kuturu dole yayi masa aski.

Kada a ce zargi nake ba dalili, duniya ta ga irin wannan kuma ba a ƙananan kamfanoni ba. Motata ba ta kamfanonin da zan ambata bace, na faɗa tun yanzu, misali kawai nake kawowa da abin da kotuna suka riga suka gama. A 2014 kamfanin General Motors na Amurka yayi kiranyen motoci wajen miliyan 2.6, wato a dawo da su a gyara, saboda wani ɗan abu a mazaunin makulli, makullin kan zame da kansa mota na tafiya inji ya mutu, sitiyari yayi nauyi, jakar iska taƙi buɗewa in an yi karo. Mutum 124 asusun diyyar kamfanin ya amince sun rasu ta dalilin haka, a 2015 suka biya gwamnatin Amurka dala miliyan 900, kuma ya tabbata akwai waɗanda suka san da matsalar a cikin kamfanin kusan shekara goma kafin kiranyen. Abin da za'a canza ɗin kuɗinsa bai kai dala ɗaya ba. Kuma ba kwamfutar gareji ce ta tona asirin ba, iyayen wata matashiya ce da ta rasu a jihar Jojiya suka ƙi haƙura, lauyansu ya ɗauko injiniya ya dinga sayen tsofaffi da sababbin mazaunin makullin yana buɗewa yana aunawa, sai ya tarar an canza abin a ɓoye an ƙara masa ƙarfi amma an bar masa tsohuwar lambarsa. Ranar da na karanta wannan labarin ban yi barcin kirki ba, don yadda aka siffanta mutuwar injin da nauyin sitiyarin kamar a cikin motata aka zauna aka rubuta.

Ga kuma na Takata, kamfanin Japan mai yin jakar iska, wanda shi ya shafe mu nan kai tsaye don motoci da yawa a ƙasar nan sun shiga kiranyensa. Sinadarin da suka sa a ciki zafi da laima ke lalata shi a hankali, ranar da jakar zata buɗe sai gwangwanin ya tarwatse ya watsa wa direba ƙarfe a fuska da wuya. Zafi da laima fa, duk wanda ya kwana a Jidda a watan Agusta ya san ba sai an yi masa bayani ba, gilashin ido ma in ka fito daga mukayyif sai ya yi hazo. Wajen guda miliyan 100 aka yi kiranyensu a duniya, a 2017 kamfanin ya amsa laifi ya yarda da biyan dala biliyan 1, a shekarar kuma ya durƙushe. Kafin a kai nan, mutum nawa aka sallama daga gareji aka ce masa motarka lafiyarta ƙalau?

Shi yasa nake roƙonku, kuma roƙon nawa ba mai tsada bane. Ku wajabta wa kowace wakala ta rubuta ƙorafin mai mota da lafazinsa a kan takardar karɓa, a karanta masa kafin yasa hannu, a tura masa kwafi a waya. In mutum ya kawo mota aka ce ba'a ga komai ba, wannan zuwan ma a ƙirga shi cikin yunƙurin gyara, don yanzu kalmar ba mu ga komai ba ta zama hanyar share zuwan mutum gaba ɗaya kamar bai taɓa zuwa ba. Sannan wanda yafi min muhimmanci, ƙorafin da ya shafi rai, mutuwar inji a kan gudu ko birki ko sitiyari ko wuta, kada ya tsaya tsakanin mai mota da wakala, ya zo gare ku kai tsaye ku tara su bisa samfurin mota da shekararta, kuma kamfanin da ya ƙera ya bada amsa a rubuce cikin wa'adi. Ni kaɗai in na zo, ana iya cewa man da na sha ne ko tuƙina ne. A falon jira na wakala na haɗu da mutum biyu masu irin motata da shekararta, ɗaya Bamisire ɗaya ɗan ƙasa, muna hira sai ga shi labarinmu ɗaya, har wurin da ɗan ƙasar yace tasa a hanyar Madina tayi masa, kuma kowannenmu an ce masa shine na farko da ya taɓa kawo wannan ƙorafin. Mu uku ne a falo ɗaya a yini ɗaya. Ku ne kaɗai ke da idon da zai ga na Riyad da Dammam da Abha a lokaci guda, ku da hukumar SASO mai kula da inganci.

Na san kuna da cibiyar kiranyen kayan da ke da aibi, inda mutum zai sa lambar shasi ya ga ko motarsa na ciki, na duba tawa ba sau ɗaya ba, bata ciki. Kuna da lamba 1900 da manhajar Balagh Tijari, ta nan na shigar da ƙorafina kuma an bani lamba. Amma ranka ya daɗe da yawan mutanenmu basu san da waɗannan ba. Da za'a sa bayanin haƙƙin mai mota a bango a kowace wakala da manyan baƙi, a kuma fitar da shi da Hausa da Urdu da sauran harsunan baƙin da ke zaune a nan kamar yadda ake yi wa alhazai lokacin aikin hajji, da an rage zaluncin da ake yi a shiru.

Ku kuma 'yan uwana Hausawa, bari in juyo gare ku tunda ku ne zaku fara karantawa. Mu ma muna da namu laifin. Da na bada labarin nan a majalisarmu bayan isha'i, wani dattijo da nake girmamawa yace Malam ka gode Allah da kuka tsira, ka sayar da ita a haraj ka huta, baƙo baya ja da masu gari. Na gode Allah kuma ina kan gode masa. Amma Baba in na kai ta haraj wa zai saya? Wani mai iyali ne irina zai ganta fes kilomita kaɗan yayi murna ya samu banza, ya ɗebi 'ya'yansa ya hau hanyar Hada ta zuwa Ɗa'if da ita, inda in inji ya mutu a gangaren dutsen nan sai dai wani ikon Allah. Manzon Allah sallallahu alaihi wasallam ya cusa hannu a tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, yace wanda yayi algus baya tare da mu. In ina neman a yi wa kamfani hukunci da wannan, ni ma ya hau kaina. Tsoron da muke ji kuma na cewa ƙorafi zai taɓa igama, wanda takardunsa ke daidai ya sayi abu da kuɗinsa an bashi fatura, wato rasit, mai saye ne kamar kowa, dokar bata ce sai ɗan ƙasa ba. Ku dai riƙe takardu. Duk zuwa wakala ku karanta abin da aka rubuta kafin ku sa hannu, in ba abin da kuka faɗa bane ku ce a gyara, in fitila ta kunnu wanda ke gefenku ya ɗauki bidiyo da waya, rasit ɗin sataha ma kada a yar, ni na yar da nawa na farko ina ta cizon yatsa.

Abin da nake nema wa kaina a fili yake, a karɓi motar a mayar min da kuɗina bayan an cire na amfani, a biya ni kwanakin jinkirin nan 19. Bana son a canza min da irinta, sai in kamfanin ya fito ya faɗi takamaimai mene ne ke kashe ta kuma me aka gyara. Sannan a binciki 'yan uwanta da suka fito tare, ko da bayan an sallame ni ne.

Yanzu haka tana ƙofar gida a rufe da tampol, ƙura ta fara hawa, ledar kujerar baya ma har yau 'yar tawa bata bari an cire ba. Hajiya ta tambaye ni satin da ya wuce ina motar da tasa wa albarka, me yasa nake zuwa a ta maƙwabci, nace mata tana wajen sabis. Ranar Lahadi mai zuwa da ƙarfe 8 na safe wakala ta sake bani lokaci, zuwa na biyar kenan, sataha zan kira don ba zan tuƙa ta ba, kuma Abba zai raka ni ya karanta takardar kafin in sa hannu.

Wassalamu alaikum.

Naku, wani mazaunin Jidda.